Tsakanin Zuciya Da Harshe: Hukuncin Na'urar Da Ake Dasawa A Ƙwaƙwalwa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Wanda Ya halicci ɗan Adam, Ya ba shi hankali da harshe, Ya kuma sanya shamaki tsakanin abin da ke cikin ƙirjinsa da kunnuwan mutane. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ya zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, a wannan mako za mu duba wata sabuwar mas'ala wadda ba za ku same ta da suna cikin Ahalari ko Ishmawi ko Risala ba, amma ginshiƙan hukuncinta suna nan kafe cikin Littafin Allah da Sunnar ManzonSa da maganganun malamai tun da daɗewa. Watau mas'alar na'urar nan da masana a Amurka da Turai da Sin suke dasawa cikin ƙwaƙwalwar mutum, su haɗa ta da kwamfuta, har wanda jikinsa ya shanye ya iya yin rubutu ba da hannu ba, wanda harshensa ya mutu kuma ya iya yin magana ba da baki ba.

Mutane sun rabu a kanta. Wasu sun ce tatsuniyar Turawa ce. Wasu sun ce shisshigi ne cikin abin da Allah Ya keɓe wa kanSa, domin babu mai sanin abin da ke cikin ƙiraza sai Shi. Wasu kuma sun ce ci gaba ne, a wangale masa ƙofa. To, wajibi ne mu san abin tukuna, domin malaman usulu sun ce ba a yanke wa abu hukunci sai an san haƙiƙaninsa.

Yadda Abin Yake

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana ƙunshe da ƙwayoyin jijiya kimanin miliyan dubu 86, kuma suna aika wa juna saƙo ne ta hanyar wani ɗan lantarki mai rauni ƙwarai. Idan mutum ya yi nufin ɗaga hannunsa, sai wani yanki na saman ƙwaƙwalwa ya motsa, saƙon ya gangaro ta cikin laka ya isa ga tsokar hannu, hannu ya ɗagu. Wanda ya karye a wuya lakarsa ta tsinke, ko wanda ciwon shanyewar jiki ya kama, sau da yawa nufinsa yana nan lafiya lau, umurni yana fita, hanya ce ta yanke, kamar sarkin da ya ba da umurni amma manzo ya faɗi a tafe. Aikin wannan na'ura shi ne ta tari saƙon tun daga tushe, ta miƙa wa kwamfuta, ita kuwa ta juya shi ya zama motsi ko rubutu ko murya. Kwamfutar ba ta gane saƙon haka nan sai an horar da ita. A kan ce wa majinyaci ya ƙoƙarta faɗin kalma kaza, ita kuma ta lura da irin lantarkin da ya tashi, a yi ta maimaitawa har ta riƙe alamar kowane sauti.

Wani likita Bajamushe, Hans Berger, shi ne ya fara auna lantarkin ƙwaƙwalwar mutum a garin Jena cikin 1924. A 1973 Jacques Vidal na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjelas ya yi rubutu a kan yiwuwar haɗa wannan lantarki da kwamfuta kai tsaye. Cikin 2004 masu bincike ƙarƙashin John Donoghue na Jami'ar Brown suka dasa wa wani saurayi, Matthew Nagle, wanda aka soka da wuƙa a wuya jikinsa ya shanye, wani ɗan faranti da bai kai girman farce ba mai ƙananan allurai kamar ɗari, ya riƙa motsa kibiyar kwamfuta da nufinsa kaɗai. A 2012 aka bayyana labarin Cathy Hutchinson, wadda ta yi shekara goma sha biyar ba ta motsa hannu, ta sarrafa hannun ƙarfe ya ɗauko mata gorar kofi ya kai bakinta.

Daga nan bincike ya rabu hanyoyi. Akwai masu neman mayar da tafiya. A 2023 masana a birnin Lozan na ƙasar Suwizalan suka haɗa ƙwaƙwalwar wani mutumin Holan, Gert-Jan Oskam, da lakar bayansa ta hanyar na'ura, aka ƙetare inda ta lalace, ya miƙe ya taka har ya hau matakala, alhali tun 2011 ƙafafunsa suka shanye. Akwai masu neman mayar da magana. Cikin 2023 ɗin dai, a Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko, Edward Chang da abokan aikinsa suka sa wata malamar makaranta, Ann Johnson, wadda ta yi shekara 18 ba ta magana, ta riƙa fitar da kalma 78 a minti ɗaya, da murya mai kama da tata, wadda aka kwaikwayo daga faifan jawabin da ta yi ranar aurenta. Akwai kuma masu neman sauƙaƙa dashen. Kamfanin Synchron yana zura tasa na'urar ta jijiyar jini ta wuya ba tare da fasa ƙoƙon kai ba. Kamfanin Neuralink na Elon Musk kuwa ya yi dashensa na farko a jikin mutum cikin Janairun 2024, da zarurruka 64 masu ɗauke da idon lantarki 1,024, ko da yake bayan 'yan makonni da yawa daga cikin zarurrukan suka janye daga wurinsu, sai da aka yi gyara a tsarin kwamfutar. Wannan ya isa ya nuna cewa abin ba tatsuniya ba ne, kuma bai gama nuna ba tukuna.

Shin Sanin Gaibu Ne?

Amsa ita ce a'a. Allah Ya gaya mana cikin Suratu Gafir, aya ta 19, da Suratul Mulki, aya ta 13, cewa Shi ne Masanin abin da zukata ke ɓoyewa. SaninSa kuwa ba ya bukatar alama, ba ya bukatar horo, ba ya kuskure, ya kewaye abin da ya wuce da wanda zai zo. Na'ura kuwa mai bin sawu ce. Maharbi ya kan dubi sawu a ƙasa ya ce gada ce ta wuce da asuba, ba wanda ya ce masa ya san gaibu, domin alama ya gani ya yi kirdado a kanta, ya kan dace, ya kan kuma ɓata. Haka likita ya kan taɓa jijiyar hannu ya ce gabanka yana faɗuwa. Hausawa ma sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Abin da na'ura take gani sawun tunani ne a jikin nama, wanda shi ma halittar Allah ne. Ba ta ganin ruhi, wanda Allah Ya shaida mana a Suratul Isra'i, aya ta 85, cewa al'amarinsa na gare Shi. Ba ta auna ikhlasi, ba ta rarrabe mumini da munafuki. Saboda haka Musulmi kada imaninsa ya girgiza don ya ji an ce an karanta ƙwaƙwalwa, kada kuma ya yi gaggawar kafirta likitan da ya yi wannan aiki.

Hukuncinta A Matsayin Magani

Neman magani abu ne da Shari'a ta halatta, ta kuma kwaɗaitar a kansa. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Usamatu ɗan Shariku cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurci bayin Allah da su nemi magani, ya kuma sanar da su cewa kowace cuta tana da maganinta in ban da tsufa. Game da sanya baƙon abu a jiki domin ya maye gurbin gaɓar da ta lalace kuwa, muna da ƙissar Arfajatu ɗan As'adu, wanda aka yanke wa hanci a wani yaƙi na zamanin jahiliyya. Ya sa hancin azurfa ya yi masa wari, sai Annabi ya umurce shi ya sa na zinariya, alhali zinariya haramun ce ga maza. Idan an yi rangwame saboda hanci, ina ga harshen da zai yi kalmar shahada, ya kira matarsa da 'ya'yansa, ya faɗi inda ke masa ciwo?

Duk wanda ya taɓa jinyar tsohon da ɓarin jikinsa ya shanye, ya ga idonsa na zubar da hawaye yana son ya yi magana baki ya ƙi, ya san girman wannan ni'ima. Saboda haka dasa na'ura domin mayar wa mutum abin da cuta ta raba shi da shi halal ne, bisa sharuɗɗan da malamai suka gindaya wa kowane aikin fiɗa: a sami ƙwararren likita, amfanin da ake zato ya rinjayi cutarwa, majinyaci ya yarda bayan an bayyana masa haɗarin da ke ciki ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Wannan bai shiga cikin canza halittar Allah da aka zarga a Suratun Nisa'i, aya ta 119 ba, domin mayar da halitta ne ga asalinta. Amma mai lafiya ya kai kansa a huda don neman fifiko a kan tsara ko don nishaɗi, wannan jefa kai ne cikin haɗari ba da lalura ba, jikin nan kuwa amana ne a hannunmu.

Inda Gizo Ke Saƙa

Har zuwa nan muna magana ne a kan abin da mutum ya yi nufin faɗa, harshe ya gaza. To, yaya abin da bai yi nufin faɗa ba?

A 2023 masu bincike a Jami'ar Texas da ke Austin suka nuna cewa ko ba a yi fiɗa ba, injin ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa yana iya hasko gundarin labarin da mutum yake saurare ko yake ƙagawa a ransa. Sai dai sai an horar da kwamfuta sa'o'i kamar goma sha shida da ƙwaƙwalwar mutumin, kuma idan ya ƙi ba da haɗin kai, ya karkatar da hankalinsa ga wani abu dabam, aikin ya kan rushe. Cikin 2025 kuma masana a Jami'ar Stanford suka gwada mutum huɗu masu ɗauke da na'ura a ka, suka tarar tana iya kama jimlolin da mutum yake faɗa a ransa ba tare da ya ƙoƙarta furta su ba, wani lokaci da dacewar da ta kai kashi 74 cikin ɗari. Har ta kan tsinci abin da ba a umurce su da faɗa ba, kamar lambobin da suke ƙirgawa a zuci. Su kansu masu binciken sun ga haɗarin, shi ya sa suka gwada sa mata mabuɗi, watau wata kalmar sirri wadda sai mutum ya raya ta a ransa kafin na'ura ta fara fassara.

A nan ne Musulunci yake da magana mai nauyi, domin ya daɗe da shata iyaka tsakanin zuciya da harshe. Muslim ya ruwaito cewa sa'ad da aya ta 284 ta Suratul Baƙara ta sauka, wadda ta ambaci hisabi a kan abin da ke cikin rayuka ko an bayyana ko an ɓoye, abin ya yi wa sahabbai tsanani, suka zo wurin Annabi suka durƙusa suna cewa an ɗora musu abin da ba za su iya ba. Ya umurce su da su ji su bi. Da suka miƙa wuya, sai Allah Ya saukar da ƙarshen surar, Ya sauƙaƙa, Ya bayyana cewa ba Ya ɗora wa rai sai gwargwadon ikonsa. Buhari da Muslim kuma sun ruwaito daga Abu Huraira cewa an yafe wa wannan al'umma abin da rayukansu suka raya musu, muddin ba su aikata ba, ba su kuma furta ba.

Malamai sun kasa abin da ke gudana cikin zuciya mataki biyar. Na farko hajisi, watau abin da ya faɗo ya wuce kamar walƙiya. Na biyu haɗiri, wanda ya faɗo ya ɗan zauna. Na uku hadisun nafsi, watau zancen zuci, mutum yana kai da komo ko ya yi ko ya bari. Waɗannan uku ba a kama bawa da su. Na huɗu hammu, inda son aikatawa ya rinjaya: idan na alheri ne a rubuta masa lada ko bai aikata ba, idan na sharri ne ba a rubuta masa zunubi, in ma ya bari don tsoron Allah sai a rubuta masa lada. Na biyar azama, watau ƙudurin da aka ɗaure, wanda mafi yawan malamai suka ce ana hisabi a kansa, amma a wurin Allah, ba a gaban alƙali ba.

Ku duba wannan rahama, ya 'yan'uwa. Ubangijin da Yake ganin komai, Shi ne Ya yafe. To, yaya ɗan Adam, wanda bai ga komai ba sai sawu, zai zo ya kama ɗan'uwansa da abin da Mahaliccinsa Ya yafe masa? Wane ne a cikinmu zai yarda a rubuta a allo duk abin da ya gitta masa a rai tsakanin Azahar da La'asar? Sahabbai da kansu sun kai kuka wurin Annabi cewa suna jin abubuwa a ransu waɗanda suke ganin girman furta su, sai ya shaida musu cewa wannan ƙyamar da suke ji ita ce tsantsar imani. Da na'ura ce ta ji su, da waswasin za ta rubuta, ta bar ƙyamar. Mutumin kirki ba wanda mugun tunani ba ya zo masa ba ne, wanda yake danne shi ne kafin ya kai baki. Tsakanin zuciya da harshe akwai wani fili inda haƙuri da kunya da kawaici da tuba suke aikinsu. Magabatanmu sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Duk na'urar da ta share wannan fili ta raba mutum da wurin da yake yin jihadin ransa.

Misali Daga Babin Saki

Domin kada a ce magana ce ta iska, bari mu ɗauki misali. Wani miji ne ba ya iya magana sai ta na'ura. Ransa ya ɓaci, kalmar saki ta gitta masa, kwamfuta ta kama ta furta da ƙarfi matarsa tana ji. Aure ya mutu ko yana nan?

Fikihu ya san cewa rubutu yana tsayawa a matsayin magana, ishara ta bebe wadda ake ganewa ita ma tana tsayawa a matsayin furucinsa, a ciniki da aure da saki. Bisa wannan ƙiyasi, abin da majinyaci ya fitar ta na'ura da gangan, yana sane, ya kuma tabbatar da shi, maganarsa ce, ana ɗaukarta a kansa. Amma abin da na'ura ta fizgo daga zancen zucinsa ba da izninsa ba, wannan ba furuci ba ne. Shaihu Halilu cikin Muhtasar ya ambaci saɓanin malaman mazhabarmu ta Malikiyya game da wanda ya yi saki da zancen zuci, Shaihu Dardiri kuma cikin sharhinsa ya bayyana cewa abin dogaro shi ne sakin bai auku ba. Haka nan idan kwamfuta ce ta yi kuskure, ko ta cika masa jimla da kalmar da bai nufa ba, kamar yadda wayoyin hannu suke yi mana kullum, ba a ɗora masa. Dacewar kashi 74 cikin ɗari ma'anarta kuskure cikin kashi 26, aure kuwa da wasiyya da iƙirari ba a rushe su ko a gina su a kan shakka. Saboda haka wannan mabuɗi da masanan Stanford suka gwada, a mahangar Shari'a sharaɗi ne, domin shi ne yake tsayawa a matsayin leɓɓa, ya raba abin da mutum ya zaɓa ya faɗa da abin da ya zaɓa ya haɗiye.

Leƙen Asirin Ƙwaƙwalwa

Allah Ya hana binciken asirin mutane a Suratul Hujurati, aya ta 12, Ya kuma hana shiga gidan wani sai da izni a Suratun Nur, aya ta 27. Idan gidan ƙasa da azara yana da wannan alfarma, kan mutum ya fi cancanta. Ku tuna da Usamatu ɗan Zaidu, wanda ya kashe wani a fagen fama bayan ya furta kalmar shahada, yana zaton tsoron takobi ne ya sa shi. Annabi ya tsananta masa, ya tambaye shi ko ya tsaga zuciyarsa ne ya gani. An sanar da Annabi sunayen munafukai, ya ɓoye su wurin Huzaifa, bai yi musu hukunci da abin da ke ransu ba. Sayyidina Umar kuma ya bayyana wa mutane cewa wahayi ya yanke, ba za a kama kowa ba sai da abin da ya bayyana na aikinsa.

Wannan ba tsoro ne na gobe kawai ba. A ƙasar Indiya cikin 2008 wata kotu ta dogara da gwajin lantarkin ƙwaƙwalwa cikin hujjojin da ta ɗaure wata mace da laifin kisa, kafin Kotun Ƙoli ta ƙasar ta yanke a 2010 cewa ba a tilasta wa wanda ake tuhuma irin wannan gwaji. A ƙasar Sin cikin 2019 wata makarantar firamare a lardin Zhejiang ta ɗaura wa yara wani kambu a goshi mai auna ko hankalinsu yana kan darasi, sai da mutane suka yi ca aka dakatar. Akwai kuma kamfanoni masu sayar da irin wannan kambu ga kowa, bayanan da yake tarawa kuwa suna tafiya rumbunsu. Shi ya sa ƙasar Chile ta gyara tsarin mulkinta a 2021 domin kare ƙwaƙwalwa da bayanan da ke fita daga cikinta, Kotun Ƙolinta kuma a 2023 ta umurci kamfanin Emotiv ya goge bayanan wani tsohon ɗan majalisa. Jihar Kolorado ta Amurka ta yi tata dokar a 2024. Hukumar UNESCO ita ma ta amince da ƙa'idojin ɗa'a na wannan fanni a taronta na Samarƙandu cikin Nuwamban 2025.

Matsayin Shari'a a bayyane yake. Alƙali yana hukunci da shaidu da iƙirarin da aka yi bisa zaɓi da rantsuwa. Iƙirarin wanda aka tilasta ba a karɓarsa, haddi kuwa ana tunkuɗe shi da shubuha. Mai gida ya yi hayar aikin ma'aikaci ne da lokacinsa, bai sayi tunaninsa ba. Bayanan ƙwaƙwalwar majinyaci amana ne a hannun likita, sayar da su ga 'yan talla ha'inci ne, ko da an sa shi ya sa hannu a takardar da bai fahimta ba.

Akwai darasi cikin ƙissar baƙar matar nan mai farfaɗiya wadda Ibnu Abbas ya nuna wa Aɗa'u ya ce 'yar Aljanna ce. Annabi ya ba ta zaɓi tsakanin ya roƙa mata waraka da ta yi haƙuri ta sami Aljanna. Ta zaɓi haƙuri, amma ta roƙi abu guda, ya yi mata addu'a kada tsiraicinta ya riƙa bayyana idan ta faɗi, ya kuwa yi mata. Ta iya jure ciwo, ba ta iya jure tonon asiri ba. Kada a ce wa majinyaci sai ya sayar da suturarsa kafin a ba shi lafiya.

Sarrafa Hankali Da Yasar Da Majinyaci

Na'urar da ke ɗauko saƙo daga ƙwaƙwalwa tana da 'yar'uwa mai aika saƙo cikinta. Cikin shekarun 1960 wani masani ɗan Sifen, José Delgado, ya tsaya gaban bijimi a Ƙurɗuba, bijimin ya taso masa, ya danna maɓallin rediyo da ke haɗe da wayoyin da ya dasa a kansa, bijimin ya tsaya. A yau ana amfani da irin wannan hanya wajen rage makyarkyatar masu ciwon Parkinson, kuma ta amfani mutane masu yawa, sai dai likitoci sun lura wasu kaɗan halinsu ya kan canza, su zama masu gaggawa ko ɓarnar dukiya, har sai an daidaita na'urar. Hankali yana cikin abubuwa biyar da Imamu Gazali da Imamu Shaɗibi suka ce Shari'a ta zo domin kare su, tare da addini da rai da zuriya da dukiya. Shi ne maratayar taklifi, don haka aka ɗauke alƙalami daga mai barci da yaro da mahaukaci. Idan an haramta giya saboda tana gusar da shi na ɗan lokaci, to, miƙa linzaminsa ga wani mutum ko kamfani ko hukuma ba da lalurar magani ba ya fi muni. Wanda kuwa na'ura ta rinjayi zaɓinsa ba da saninsa ba, alhakin yana komawa kan mai riƙe da maɓalli gwargwadon rinjayen.

Sai kuma haƙƙin wanda aka riga aka dasa wa. Kamfanin Second Sight ya sanya wa makafi fiye da 350 na'urar gani a ido, ya daina yin ta a 2019, a 2020 ya sallami mafi yawan ma'aikatansa, aka bar mutane da ƙarfe a jiki babu mai gyara. A Ostareliya an dasa wa wata mace mai farfaɗiya na'ura cikin 2010 wadda take gargaɗinta kafin ciwon ya taso, rayuwarta ta gyaru, sai kuɗin kamfanin ya ƙare, aka cire mata ita tana ƙi. Shari'a ta umurci cika alkawari, ta hana cuta da cutarwa. Wanda ya buɗe kan ɗan Adam ya sa kayansa a ciki ya ɗauki amanar da karyewar jari ba ta sauke ta. Wajibi ne tun kafin a fara a tanadi wanda zai ci gaba da kulawa. Dabbobin da ake gwaji a kansu ma suna da haƙƙi, domin mun san an azabtar da wata mace saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu.

Abin Da Ya Hau Kanmu

A taƙaice, ya 'yan'uwa, na'urar da ta mayar wa bawa hannunsa ko harshensa ni'ima ce, a gode wa Allah a kanta, a kuma yaba wa waɗanda suka yi wahalar ƙirƙiro ta. Sharuɗɗanta su ne: kada ta fitar da komai sai abin da mai ita ya zaɓa, kada a tilasta wa kowa ita, kada a kafa hujja da ita a kan abin da ke zuci, kada a yi ciniki da bayananta, kada a juya hankalin mutum da ita, kada kuma a yasar da shi bayan an dasa masa.

Muna kira ga malamanmu da majalisun fatawa da su zauna da likitocin ƙwaƙwalwa su fahimci wannan al'amari tun yanzu, domin ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Muna kira ga ɗalibanmu da su shiga wannan fanni da himma. Ƙurɗubar nan da aka tsayar da bijimi, a gefenta ne Abul Ƙasim Az-Zahrawi ya rayu, likitan fiɗa wanda Turawa suka yi ɗaruruwan shekaru suna karanta littafinsa. Wanda ba ya cikin masu ƙera abu, da wuya a ji muryarsa ranar da ake shata masa iyaka.

Daga ƙarshe, idan ya zama muna jin tsoron ranar da na'ura za ta tsinci kalma ɗaya ko biyu daga cikin kawunanmu, to, mu tuna da ranar da Suratuɗ Ɗariƙi ta ambata, wadda za a tone asirai gaba ɗaya, ranar da Suratu Yasin ta ce za a rufe bakuna, hannaye su yi magana, ƙafafu su ba da shaida. Babu mabuɗin sirri a ranar nan. Mu gyara zukatanmu tun muna da dama, mu kuma suturta 'yan'uwanmu domin Allah Ya suturta mu.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya tsarkake zukatanmu, Ya rufa mana asiri duniya da lahira. Allah Shi ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.